Mukulli na Huɗu

Ranar Juma'a aka sace faifan, kuma gara in faɗa tun yanzu: da na ji labarin, daɗi na ji.

Ina dawowa daga masallaci na tarar da mutane cike da lungun ofishin ƙungiyar dukawan unguwarmu, nan gindin Dala. Kwaɗo yana nan lafiya a jikin ƙofa, taga ma ba a taɓa ta ba. Amma babbar kwamfutar da ke riƙe da wasiƙun imel na 'yan ƙungiya, wadda muke kira saba, tana zaune a kashe da rami a gabanta. Faifan da ke ɗauke da komai a cikin wata 'yar durowa mai mariƙi yake, ana ja ya fito. Duk odar takalma da jakunkuna da tumtum da masu saye na ƙasashen waje suka aiko tun da soja suka koma bariki, shekara biyu ke nan, tana cikinsa.

Ni ne Mikail, ni na haɗa ɗakin nan tun ba kowa a unguwar da ya san inda ake kunna kwamfuta. Shekara biyu ina riƙe da shi. Kalmar sirri ɗaya ce tak, na rubuta ta da alli a bango don kada kowa ya wahala. Sai ga Sa'ida, 'yar unguwar Kabara, ta gama jami'a, ƙungiya ta ɗauke ta wai ta taimaka mini. A makonta na farko ta goge allina da tsumma. Ta ba kowane baduku tasa kalmar, ta ce daga yau injin zai riƙa rubuta sunan duk wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. Dattawan da ni na koya wa riƙe linzamin kwamfuta suka koma cewa "Malama Sa'ida ta ce". Ni kuwa na zama mai share ƙura da sayo man janareta. Ƙyashinta nake ji, ba na ɓoyewa, irin wanda ke hana mutum jin daɗin abinci.

Da safiyar wannan Juma'ar ta sabunta tsarin injin gaba ɗaya, abin da na yi wata guda ina cewa zai ja mana masifa. Don haka jama'a suka rabu biyu. Wasu suka ce yarinya ta lalata injin ne, ta ɓoye faifan don kada a gane. Wasu kuma sai dai su dube ni su kawar da kai.

Alhaji Tasi'u, shugaban ƙungiya, ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Mukullan kwaɗon nan nawa ne?"

"Uku, Alhaji," na ce. "Naka, nawa, da nata."

"To ba na son ɗan sanda a lungun nan. Gobe da hantsi za mu zauna a zaurena. Wanda laifi ya faɗa kansa zai ajiye mukulli. In sakacinta ne, ɗaki ya koma hannun Mikail shi kaɗai."

Ƙarya na yi. Akwai na huɗu. Ni na yanka shi tun farko, nake ajiye shi ƙarƙashin randar ruwan da ke bakin lungu, don wanda ya zo bai same ni ba. Mutum biyar ko shida sun san wurin, Alhaji da Sa'ida ba sa cikinsu. Da hankalin mutane ya ɗauke na je kamar zan sha ruwa, na lalubi ƙasan randar. Yana nan. Na ce wa zuciyata to ai ba ruwansa da wannan magana.

*

Kafin La'asar aka ɗauko Baba Gwadabe a bayan babur. Tsoho ne siriri mai sayar da igiya a Ƙofar Kabuga, amma a ƙauyensu an san shi da bin sawun ɓarayin shanu. Bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, bai kuma nuna yana marmari ba. Ya leƙa ɗakin daga bakin ƙofa, ya dubi ramin, ya juyo.

"Abin da aka ɗauka, yana tafiya da kansa?"

"A'a, Baba."

"Madalla. To kowa ya koma jikin bango, kun tattake mini rabin aikin."

An yi ruwa da safe, ƙasar lungun tana da laushi. Ya tsuguna yana tafiya a hankali, yana nuni da wani guntun kara. Nan take ya ware sawun Sa'ida, takalmi mai tudu, shiga biyu fita biyu. Ya ware na Alhaji, wanda ya ce nauyinsa kaɗai ya isa shaida. Daga nan ya zagaya bayan ɗaki, ƙarƙashin taga, ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Wannan kuma ya tsaya a nan tun ana yayyafi. Bai shiga ba, bai tafi ba. Yana sauya ƙafa, yana leƙe. Ya kai tsawon dafa tukunyar wake." Ya ɗago ya dubi takalmina. "Samari, me kake kallo haka?"

Lungu ya fashe da dariya.

"Aikin nake dubawa, Baba."

"Ai da ka shiga ka duba, an ce kana da mukulli."

Gaskiya jira nake in ga injin ya ƙi tashi, in ga yadda fuskarta za ta yi. Bai ƙi ba, shi ya sa na tafi masallaci da wuri.

*

Turai mai fura tana zama a ƙofar gidansu, daidai inda lungun ya haɗu da titi. Baba Gwadabe ya zauna kan bencinta, ya sa aka dama masa ta naira goma, sannan ya tambaye ta abin da ta gani.

"Ni dai na ga yarinyar nan ta fito wajen sha biyu da rabi, ta kulle ƙofa. Da jaka a hannunta, jakar kuwa da nauyi, don har tana karkacewa."

Zuciyata ta yi tsalle. Na dubi mutanen da suka biyo mu don in tabbatar sun ji.

"Bayan ita fa?"

"Da aka yi kiran salla na shiga gida, Baba. Wa zai sayi fura maza duk suna masallaci?"

Aka kira Sa'ida. Idanunta sun yi ja, amma muryarta ba ta rawa. Ta zazzage jakar a kan bencin: littattafai biyu masu kauri, kwanon abinci, da silifas.

"Baba, in da aikina ne ya lalace, ba ni da dalilin ɓoye komai. Ban goge tsohon tsarin ba, yana nan gefe guda a cikin faifan. In sabon ya ƙi, minti biyu ne in koma kan tsohon. Na gwada hakan sau biyu kafin in tafi."

"Ban gane ko ɗaya ba, 'yar nan," in ji shi. "Amma wanda ya tanadi hanyar komawa ba ya gudu da kaya. Kin kulle ƙofar?"

"Na kulle, har na ja kwaɗon na gani."

"Wa ya gani ban da ke?"

"Na gan ta a bakin ƙofar dai," Turai ta ce, "amma ban ji ƙarar kwaɗo ba, kada in yi ƙarya."

Wannan ma ya yi mini daɗi, Allah ya yafe mini.

A zauren Alhaji muka tarar da Malam Ashafa zaune a inda ya saba, da tawadarsa da alƙalaminsa a gefe. Shi ne marubucin dukawa tun kafin a haife ni. Shekara talatin yana rubuta musu wasiƙu da Larabci da Turanci, yana karanta musu amsa. Ko da na kawo kwamfuta, shi yake zuwa ya buɗe wasiƙun kowa ya fassara. Tun zuwan Sa'ida kuwa ita take bugo wa kowa tasa a takarda, da fassarar Hausa a ƙasa.

"Malam, kai da kake zaune a nan kullum, wa kake zato?" Baba Gwadabe ya tambaye shi.

"Zato ba kyau, Baba. Ni yanzu ba a kawo mini labarin kowa."

Baba Gwadabe ya ce haka ne, ya yi masa sallama. Da muka fito na ga ya ɗan daɗe wajen sa takalminsa a bakin zaure, na ɗauka tsufa ne.

*

Ya sallami kowa ya ce ni kaɗai in biyo shi. Muka koma lungu, ya nuna mini wani sawu da ban lura da shi ba, yana bin gefen bango inda mutane ba su taka ba.

"Takalmin fata ne ɗinkin hannu, irin na rabin unguwar nan. Mai shi ba shi da nauyi, kuma ya manyanta, dubi yadda takunsa yake gajere. Ya zo bayan yarinyar, don ga shi a kan nata."

Sawun bai nufi ƙofa kai tsaye ba. Ya ratse wajen randa, ya je ƙofa, ya sake dawowa wajen randa. Baba Gwadabe ya tsaya yana kallon randar, sannan ya kalle ni.

"Mutumin nan akwai ƙishirwa. Da zuwa ya sha, da komawa ya sha. Har durƙusawa yake yi."

"Zafi ake yi, Baba," na ce.

"Ƙwarai kuwa, ga shi kai ma kana gumi."

Muka bi sawun ta bayan gidaje, inda awaki ne kawai ke wucewa. Sau biyu ya ɓace a kan dakali, sau biyu Baba ya zagaya ya tsinto shi. A haka har muka iso bakin kududdufin da ke bayan unguwa, wanda ruwan damina ya cika shi fal. In faifan yana cikin ruwan nan, odar shekara biyu ta tafi, mutane da yawa za su rasa masu sayensu. Sai a lokacin na tuna abin ba ni da Sa'ida kaɗai ya shafa ba.

"Shi ke nan, ya jefa," na ce.

"Bai jefa ba. Mai jifa yana dogara kan ƙafa ɗaya, ta baya ta ɗaga. Wannan ƙafafunsa biyu a jere suke, sun nutse. Ya zo da niyyar jefawa, ya tsaya, ya yi ta tsayuwa, sannan ya juya."

Sawun ya bi gefen kududdufin zuwa wani ƙaramin masallacin ƙasa na unguwa, wanda ba kowa a cikinsa ranar Juma'a da rana. Bai shiga ba. Ya tsaya a jikin bangon gabas, kuma a nan sawun ya zama rabi: yatsu kawai, babu dunduniya.

"Ɗage ya yi," in ji Baba Gwadabe. "Samari, me aka rubuta a cikin abin nan?"

"Wasiƙu ne. Na Turawa, da na Larabawan Turabulus da Jidda."

"Na Larabawan da me suke farawa?"

"Da sunan Allah mana."

Ya gyaɗa kai. "Miƙa hannunka sama, kai ne dogo."

Can ƙarƙashin indararo akwai wani rami a bangon, inda mutanen unguwa ke cusa duk takardar da suka tsinta a ƙasa mai ɗauke da sunan Allah, don kada a taka. Na tura hannu cikin tsofaffin takardu, na ji abu mai tauri. Na jawo shi. An naɗe shi da farar takarda sabuwa, an ninke gefunan ciki, an cusa bakin a ƙarƙashin ninkin ba tare da gam ko zare ba. Ina ganin ninkin na gane shi. Wasiƙar neman aikin da na fara kaiwa a rayuwata haka aka ninke ta.

"Kada ka buɗe," in ji Baba. "Ɓarawo na gaske da tuni ya jefa. Wannan ya iya ɗauka, amma bai iya wulaƙanta rubutu ba."

*

Da hantsi zauren Alhaji ya cika. Sa'ida tana zaune daga bakin ƙofar cikin gida, ni ina kusa da Alhaji, Malam Ashafa yana wurinsa. Baba Gwadabe bai yi dogon bayani ba. Ya ajiye ƙunshin a tsakiyar tabarma, ya koma ya zauna.

Babu baduku a zauren da bai taɓa karɓar wasiƙa mai irin wannan ninkin ba. Ɗaya bayan ɗaya suka sunkuyar da kai, ba wanda ya yarda ya dubi kusurwar da Malam yake.

"Ni ne," in ji Malam Ashafa. "Ba sai an wahalar da baƙo ba."

"Malam!" Alhaji ya ce. "Kai? Don me?"

"Alhaji, wasiƙar farko da ka aika Turabulus ni na rubuta ta, kana tsaye kana rawar jiki. Na san mai sayen kowa a zauren nan, na san sunayen 'ya'yansu. Yau wata biyu ke nan ba wanda ya ce mini, Malam karanta mini. Jiya na ce bari in je in ga ko Alhaji Miftahu na Jidda ya warke, don na bar shi yana jinya. Na zauna, na buga kalmar da na sani, abin ya ce bai san ni ba. Na sake, ya sake. Yarinyar da aka haifa jiya ta sa ƙarfe ya kore ni." Ya share fuska da hannun riga. "Hassada ce, ba ni da wani suna da zan ba ta. Na kashe wutar, na ja abin."

Ina jin sa ina jin kamar cikina yake karantawa. Ban taɓa tunanin cewa akwai wanda ya fi ni jin ciwon allin da aka goge ba.

"To ta ina ka shiga?" Alhaji ya tambaya.

Malam ya dubi tabarma. "Na shiga dai."

"Ai magana ta fito," in ji wani daga baya. "Malam ba shi da mukulli. Alhaji da Mikail suna masallaci da nasu. Ita ce ta bar ƙofa a buɗe, Malam ya rufe mata da zai fita."

Zaure ya ɗauka. Mutane sun sami wanda za su ɗora wa laifi ba dattijon da suke jin kunya ba. Sa'ida ta ce ta rantse ta kulle, muryarta ta nutse cikin hayaniya. Alhaji ya juya wajen Baba Gwadabe.

"Baba, ƙasa ta nuna maka wani abu a kan ƙofar?"

"Alhaji, an ce in nemo kaya, ga kaya. Sauran akwai mai baki a zauren nan da ya fi ni sani." Ko kallona bai yi ba.

Alhaji ya numfasa, ya miƙa hannu wajen Sa'ida. Ta ciro mukullinta daga jaka. Abin da na yi wata biyu ina roƙo ke nan, yana tafe a kan tabarma daga hannu zuwa hannu, kuma abin da ake nema a wurina shiru ne kawai. Malam Ashafa ya riga ya yi mini nasa shirun, a kan kunyar da ya sha.

Ba zan ce tausayinta ne ya kama ni ba. Har a wannan lokacin ina jin haushin yadda take zaune a miƙe. Abin da na kasa shi ne in karɓi ɗakin daga hannun tsohon da ya tona kansa ya rufe ni.

"Alhaji, ta kulle," na ce. "Akwai mukulli na huɗu a ƙarƙashin randa. Ni na ajiye shi, ni na nuna wa Malam, kuma jiya na sani na yi shiru."

Alhaji ya dube ni. Sannan ya mayar wa Sa'ida nata, ya buɗe mini tafin hannunsa. Na kwance nawa daga zoben mukullan babur na sa masa. Aka aika aka ɗauko na ƙarƙashin randa.

*

Da azahar ta mayar da faifan. Na tsaya a bakin ƙofa ina fatan ko ɗan tari injin ya yi, tun da an yanke masa wuta yana tsakar aiki. A zamanina da sai ya yi rabin awa yana lalube. Ya tashi tsaf cikin minti ɗaya, ba wasiƙar da ta ɓata. Ta ce sabon tsarin yana rubuta abin da zai yi kafin ya yi shi, shi ya sa ba ya rikicewa. Ban tambaye ta ba.

Ta buɗe rajistar shiga. Jiya, ƙarfe biyu saura minti takwas, an gwada tsohuwar kalmar sau bakwai.

"Zan buɗe wa Malam nasa," ta ce. "Duk wanda yake so Malam ya karanta masa, sai in riƙa tura masa. Da an gaya mini tun farko." Ta miƙe daga kujerar. "Yaya Mikail, kai ma ba ka taɓa zaɓar taka ba. Zauna."

Ta juya mini baya don kada ta ga abin da zan buga. Na zauna gaban injin da na ɗauko a kaina tun daga bakin titi ranar da aka kawo shi, ya tambaye ni sunana.